Muryar Malama da Ƙafar Kanari

Ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta, Malamar aji huɗu ta riga kowa zuwa. Haka take yi duk shekara. Ta sa maigadi ya buɗe mata ajinta, ta naɗe hannun riga, ta kakkaɓe yanar gizo daga tagogi, ta wanke allo da jiƙaƙƙen tsumma har ya dawo baƙi wuluk. Ta daɗe a aikin nan, har wasu iyayen da ke kawo mata 'ya'ya yanzu su ma a gabanta suka koyi rabawa. Abin da aka fi saninta da shi kuwa muryarta ce. In ta ce "Shiru!" a aji huɗu, 'yan aji shida ma gyara zama suke yi.

Tana cikin jera benci sai Hedimasta ya leƙo, yana murza hannu.

"Malama, sannu da aiki. Akwai 'yar magana."

"Ranka ya daɗe, in dai ka ce 'yar magana, to babba ce. Faɗi kawai."

Ya faɗa. An yi wa malamin ɗaya ajin huɗun canjin wurin aiki, kuma ba za a turo wani ba sai zango ya yi nisa. Kafin nan sai dai a haɗa azuzuwan biyu wuri ɗaya.

Malama ta dubi ɗakin daga bango zuwa bango, ta auna shi da ido.

"A kawo bencinan. Zan iya."

"Ki dai yi tunani, in da yadda za a raba..."

"Yara ne fa, ranka ya daɗe, ba zakuna ba."

Da yamma ƙaninta ya same ta a gida. Shi ne autansu, kuma har yau Auta take kiransa, duk da furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Gyaran waya yake yi a wani ɗan shago da ke jikin gidansa, matarsa kuma nas ce a asibiti. 'Yarsu ɗaya, wadda kowa ke kira Kanari saboda bakinta ba ya hutawa, bana ne za ta shiga ajin gwaggonta. Amma a cikin hutu aka yi mata aiki a ƙafa, aka naɗe ta da filasta daga cinya har idon sawu, likita ya ce zangon nan a gida za ta yi shi.

"Yaya, littattafan aji huɗu na zo ki ba ni, da tsarin abin da za ku koyar. Ni zan koya mata da kaina. Uwarta tana wurin aiki, ni kuwa ga shago ga ɗaki."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin. Wayar da ta faɗa rijiya ma na tayar, balle karatun aji huɗu. Kina zaune za ki ga ta zo ta ɗaya daga kan gado."

Ta yi dariya, ta haɗa masa littattafan. Jininsu ɗaya, dukansu ba su iya cewa abu ya fi ƙarfinsu ba.

Ranar da aka buɗe makaranta, aji huɗu ya cika har bakin ƙofa. Benci mai ɗaukar uku ya ɗauki biyar. Na baya ba sa ganin allo, na gaba gwiwoyinsu na dukan teburin Malama. Wannan ya ce an taka shi, wancan ya ce an sace masa abin goge rubutu, wata na kuka don an raba ta da ƙawarta. Malama ta ɗaga murya, aka yi tsit, can sai hayaniyar ta sake tasowa daga wani lungun. Ta ƙara ɗagawa. Haka aka wuni, haka aka yi washegari. Ko lokacin tara ba ta zama, tana tsaye tana raba faɗa. In an tashi ta cika jaka da littattafan yara ta kai gida ta duba, kafaɗunta sun yi tauri kamar katako, kanta na sarawa.

Ranar Juma'a ta buɗe baki za ta kira suna, sai wani ɗan sauti ya fito kamar na ƙofar da ba a sa wa mai ba. Yaran suka kwashe da dariya. Ta yi gyaran murya, ta sake gwadawa. Babu. Da bugun tebur da nuni da yatsa ta ƙarasa ranar.

Asabar da hantsi ta tafi gidan Auta don matarsa ta duba mata maƙogwaro. Jakar littattafan ma ta riƙo ta, don kada ta zauna haka nan. Ta tarar da shagon a rufe, wani mutum na tsaye yana buga ƙofar yana mita cewa wayarsa ta yi mako ba a taɓa ta ba. Ta wuce shi ta shiga.

Nas ɗin ta zaunar da ita a falo, ta haska bakinta da fitilar waya.

"Yaya, kin ga yadda ya kumbura kuwa? Ya yi ja wur. Ruwan ɗumi, hutu, magana kaɗan a hankali. Ban da ihu. Raɗa ma ban yarda ba, ta fi wahalar da shi."

Malama ta harare ta, ta nuna ƙofar ɗakin Kanari da haɓa. Gidan ya yi shiru da yawa, ba a saba ba.

Nas ta sauke numfashi. "Shiga ki gani da idonki. Ni na yi magana har na gaji."

Ɗakin ya koma makaranta sosai. Ga farin allo an kafa a bango, an rubuta darussa a jere tun daga safe har yamma, ko wurin numfashi babu. Ga taswira, ga agogo, ga littattafai a kan kujera. Auta na tsaye riƙe da alƙalamin allo, idanunsa sun faɗa, rigarsa a yamutse. Kanari kuwa ta juya fuska bango, ƙafar nan fara a miƙe kan matashi.

"Yaya, gara da kika zo," in ji shi. "Kin ga yarinyar nan? Tun jiya ta ƙi magana. Na tambaye ta bakwai sau takwas, ta yi kamar da bango nake. Kuma yau Asabar ce fa na ce mu rama abin da muka rasa."

Malama ta miƙa hannu. Ya ba ta alƙalamin. Ta rubuta a ƙasan allon da manyan baƙaƙe: FITA.

"Ni?"

Ta ja layi a ƙarƙashin kalmar. Ya fita yana ƙunƙuni.

Ta zauna a bakin gadon. Da a ce muryarta na nan, da tuni ta fara: ke, juyo nan, mene ne haka, ba a yi wa uba haka. To babu muryar. Sai ta ɗora hannu a kan filastar. Ta ga yarinyar ta zana 'yan tsuntsaye da biro a jikin farin, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Can Kanari ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Gwaggo, ke ma faɗa za ki yi?"

Malama ta nuna wuyanta, ta fitar da ɗan sautin nan. Kanari ta juyo da sauri, ta zaro ido, sai dariya ta kuɓuce mata. Daga dariyar kuma sai hawaye, daga hawayen sai magana, kamar an buɗe famfo. Baba yana tashinta tun ba ta gama barci ba. In ta ce ƙafarta na ƙaiƙayi sai ya ce a gama wannan shafin tukuna. In ta yi kuskure sai ya dafe kai kamar an yi mutuwa. Jiya ya daka mata tsawa, bai taɓa yi ba. Ita ba ta ƙi karatu ba, amma babu wanda za ta juya ta yi wa magana, babu tara, babu kowa.

"Gwaggo, wa ya zauna kusa da ƙawata? Mai tabarau ɗin nan. Mun ce bana bencinmu ɗaya, jikin taga."

Malama ta buɗe baki, ta rufe. Ba rashin murya ne ya hana ta amsa ba, ba ta sani ba ne. Ita da kafin makon farko ya ƙare take haddace sunan kowane yaro da na wanda ke kawo shi, bana ta yi mako cur tana kallon kawuna, ba ta ga fuska ko ɗaya ba. Abin ya tsaya mata a rai fiye da ciwon wuyan.

Ta shafa kan yarinyar, ta tashi ta leƙa falo, ta yafito iyayen. Da suka shigo ta sa tafin hannu ta share jadawalin nan kusan duka. Ta bar karatu, ta bar lissafi, a tsakaninsu ta rubuta hutu, a ƙasa ta rubuta: shago.

"Haba Yaya!" in ji Auta. "Wannan ai ko rabin rana bai kai ba. Za a bar ta a baya. 'Yan ajinsu suna can suna wuni..."

Ta kurɓi ruwan ɗumin da Nas ta kawo, ta yi magana a hankali, kalma bayan kalma.

"Auta, a makaranta, in ka cire layin safe, da kiran suna, da neman fensir, da 'Malama ya taɓa ni', karatun da ya rage bai kai wannan ba. Kai yaro ɗaya gare ka. Abin da nake kwana biyu ina fama, kai kafin shayinka ya huce kun gama."

Ya zauna a kujera, kan littattafan ma. Ya sassauta murya.

"Tsoro nake ji, Yaya. Ƙafar ba ni da yadda zan yi da ita. Karatun ne kaɗai a hannuna."

"Na sani. Amma malamai tana da su. Uba kuwa kai kaɗai ne."

Nas ta harɗe hannuwa, ta juyo kan Malama. "To an gama da shi. Ke kuma fa, Yaya? Waccan jakar da kika shigo da ita kina rangaji, ta mece ce?"

"Aikin yara."

"Ranar Asabar, da wannan wuyan. Ku biyun nan wallahi ba ku da maraba. Shi yana kashe kansa a kan yaro ɗaya, ke kina kashe kanki a kan aji biyu, kuma kowa ya ce zai iya."

Kanari ta ƙyalƙyale daga kan gado. Auta ma ya murmusa, karo na farko. Sai ya ɗaga kai kamar wanda ya tuna wani abu.

"Akwai wata 'yar lasifika a shago, irin wadda ake ratayawa a ƙugu, da abin magana a baki. In na canza mata batir za ta yi."

"Ni da lasifika? Kamar mai tallan magani a tasha?"

"To ki ci gaba da bugun tebur."

Ta taɓe baki. Ya ci gaba, yanzu idonsa ya dawo irin na mai gyara. Akwai kuma tsohuwar waya mai kyamara. In aka jingina ta a teburin Malama, aka haɗa da lasifikar, Kanari za ta ga aji daga nan, su ma su ji ta.

Kanari ta yunƙura har sai da uwarta ta riƙe ƙafar. "Gwaggo, don Allah!"

Litinin da safe Malama ta wuce ofishin Hedimasta kafin layi. Muryar ta ɗan dawo, siririya.

"Ranka ya daɗe, na ce zan iya. Har yanzu zan iya, amma ba ni kaɗai ba."

Ta faɗi abin da take so. Malamin wasanni ya riƙa ɗaukar rabin ajin zuwa fili, ita ta yi lissafi da rabi, sannan a yi musanya. Aikin aji yara su riƙa musayar littafi suna duba wa juna a gabanta, ita ta riƙa ɗaukar na layi ɗaya kowace rana. Lokacin tara wani ya tsaya mata ta zauna. Sannan a ba ta izinin waya da lasifika a darasin karatu.

Hedimasta ya yi ajiyar zuciya har takardun gabansa suka motsa. "Malama, tun ran nan nake son in ce haka, kika tare ni da zancen zakuna."

A ɗakin malamai ma ba ta sha wahala ba. Malamin aji biyar ya ce shi zai tsaya mata a tara, dama kunyar tayi yake ji, don kar ta ce ya raina ta. Ta dube shi da mamaki. Ashe tsoronta ba yara kaɗai ke ji ba.

Da lokacin karatu ya yi, Auta ya zo da kayansa ya haɗa. Yana kunna lasifikar ta yi wata ƙara mai tsinin gaske, yara suka toshe kunne suna ihu. Ya murɗa, ya matsar da wayar, ƙarar ta mutu. Sai ga fuskar Kanari ta cika gilashin, an yi mata kitso, ta sa rigar makaranta a kan gado.

Ajin ya kece. Na baya suka hau benci, na gaba suka yo kan tebur, kowa na kiran sunanta. Mai tabarau ta fashe da kuka don murna. Malama ta ji ihun ya taso mata daga ciki kamar yadda ya saba, ya zo wuya ya tsaya. Ta haɗiye shi. Ta ɗaga hannu ɗaya sama, ta tsaya ƙyam tana kallonsu. Na kusa suka gani suka yi shiru, suka taɓa na bayansu. Shirun na tafiya layi-layi, saura 'yan lungu, sai lasifikar ta ɗauka da ƙaramar muryar Kanari tana kwaikwayon babba:

"Shiru! Ba ku ga Malama na jira ba?"

Malama ta juya allo don kar su ga dariyarta.

Ta sa Kanari ta karanta labarin ranar da ƙarfi, sauran na bi da yatsa a littafi. Yarinyar ta iya karatu, ga iyayi, har murya take canzawa in wani ya yi magana a labarin. Malama ta samu ta zaga tsakanin bencina ba ta cewa komai, tana duba fuskoki. Wannan mai haƙorin da ya fita, littafinsa a kife. Waccan tana matse ido, da alama ba ta ganin rubutu da kyau. Ta riƙa tambayar suna a hankali, tana maimaitawa a ranta.

Ana tsakiyar labari hoton ya daskare, bakin Kanari a buɗe, sai wayar ta yanke. Auta da ke tsaye bayan taga ya yo ciki yana zufa. Malama ta tare shi da hannu.

"Bar shi. Je ka buɗe shagonka." Ta juya ga mai tabarau. "Ke, ɗora daga inda ƙawarki ta tsaya."

Daga ranar abubuwa suka kama hanya, ko da yake ba kullum suke tafiya daidai ba. Wata rana wayar ta yi, wata rana ta ƙi. Malamin wasanni ya taɓa mantawa da su, ajin ya koma kasuwa. Auta ma ya sake ɗaga murya ranar da suka shiga lissafin rabi da kwata, amma wannan karon da ya ji kansa ya ɗau zafi sai ya ajiye alƙalami, ya tafi shago ya kwance wata waya ya ɗaura, ya dawo ya ba 'yarsa haƙuri, suka yanka lemo gida huɗu suka gama darasin da shi. Shi ya ba Malama labarin da bakinsa ranar Asabar, don yanzu duk Asabar a gidansa take shan shayi, ba jaka. Shi ya faɗi inda ya maƙale, ita ta faɗi yaron da ya gagare ta a makon, Nas ta yi musu dariya su duka.

Muryar ta dawo garau, amma Malama ba ta ajiye lasifikar ba. Yara sun sa mata suna Mai Sanarwa, ta ji, ko a jikinta. Lokacin tara tana zaune a ɗakin malamai da kofin ruwan ɗumi, ta miƙe ƙafa, a yi hira da ita. Ta sa aka dawo da mai matse ido layin gaba, ta aika wa iyayenta su kai ta a duba.

Zango ya raba tsakiya sannan aka turo sabuwar malama. Hedimasta ya kawo ta ƙofar aji huɗu da safe, ya gabatar da ita, ya gudu. Yarinya ce ƙarama, yanzu ta gama kwaleji, ta rungume wani ƙaton fayil a ƙirji. Ta leƙa ta ga yawan kawunan, ta ƙara ƙanƙame fayil ɗin.

"Na tsara darussan zangon duka, Malama," ta ce da sauri. "Na yi na kowace rana. In akwai gyara ki faɗa mini, zan sake. Ba na son in ba ku kunya."

Malama ta cire abin maganar daga bakinta, ta fito baranda, ta ja ƙofar.

"Yau ba za ki koyar ba. Ki zauna a baya ki kalle su, ki kama suna biyar ko shida. Gobe mu raba su tare, zan faɗa miki wanda ba a haɗawa da wane a benci. Ajinki na jikin nawa. Ranar da suka hau miki kai, ki buga bango, zan zo. Ni ma ranar da suka hau mini zan buga, ki zo."

Sabuwar ta ɗaga ido. "Ke ma suna hau miki?"

"Sosai ma. Kin karya kuwa?"

Ta girgiza kai.

"To ajiye fayil ɗin a teburina. Akwai burodi a jakata, ga shayi a ɗakin malamai. Ki ci ki dawo, muna shafi na gaba."